Gadon Bakin Ƙofa

Litinin

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Ya ƙafar, ya kunnen? Da kina jin waya da ban wahalar da mai wanki ba, amma tunda gidanku ɗaya, kuma kullum tana zuwa aiki nan asibitin yara, ga takarda a hannunta.

Yau kwananmu shida a nan ni da 'yata, takwararki. Ciwon huhu suka ce. Tun ranar da muka zo muna gado na goma sha biyu, can ƙuryar ɗaki jikin taga. Jiya da hantsi ina ba ta ruwa, sai ga Sista mai tabarau ta zo ta cire katinmu daga gindin gado, ta ce mu tattara. Ta kai mu gado na ɗaya, bakin ƙofa, daidai gaban teburinta, ta sa wa yarinyar robar iska a hanci. Na ce, "Sista, lafiya?" Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Nan ne wurinta yanzu."

Gwaggo, da muka ratsa ɗakin nan matan duk suka yi tsit. Wata har ta ce mini sannu, irin sannun da ba na so. Da na fita shanya, wata da ta yi wata huɗu tana jinya a nan, wadda muke ce wa Shugaba, ta ja ni gefe ta ce, "Ke baƙuwa ce, bari in gaya miki. Wanda suka ga ba zai tashi ba shi suke matsowa da shi bakin ƙofa, don fitar da shi ya yi sauƙi. Uku na gani da idona."

Tun daga lokacin ban da sukuni. Likita ya zo, suka haɗa kai da Sista suna ƙus-ƙus, da na matso sai suka yi mini murmushi. Na tambaye shi, ya ce ana kan magani. Ai ni ma na san ana kan magani! Da walakin, goro a miya.

Shekara talatin kika yi kina aiki a ɗakin nan. Ki gaya mini gaskiya, me ake nufi da gado na ɗaya?

Ki huta lafiya.
'Yarki

Talata

Zuwa ga 'yata, Uwar Gardama,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa sai abin da ya ga dama yake ji. Allah ya ba takwarata lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, ba a banza aka ce asibitin nan ya fi kowanne a yankin ba. Ni na ga farkonsa. Tsohon sito ne aka share a shekarar da ƙyanda ta yi ɓarna, aka jera gadaje goma sha biyu, da likita ɗaya, wata doguwar mace da ba ta san gajiya ba, da mu huɗu masu jinya. A tukunya muke dafa allura. Wannan ɗakin da kike ciki shi ne siton, ba a taɓa rushe shi ba. Mangwaron da ke bayan tagar kuwa da hannuna na shuka shi, don yara su samu abin kallo.

Yanzu dubi yadda ya zama. Ga ɗakin bakwaini da kwalabensa, ga na tiyata, ga wurin rigakafi, ga inda ake gashin ƙashi ana koya wa yara tafiya, ga motar da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka. Uwaye daga garuruwa masu nisa suke goyo su zo. Sistar nan da kike harara ni na koya mata ɗaura ƙarin ruwa. Bakinta ne da nauyi, amma idonta ba ya barci.

Shugabar taku ta masu zaman jinya kuwa, kowane zamani da tasa. A namu ma akwai wata, ta fi likita sanin komai. Kada ki biye mata. Ki zauna inda aka ajiye ki, ki yawaita addu'a.

Gwaggonki

Laraba

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na karanta takardarki sau uku. Na ji labarin sito, na ji na tukunya da na mangwaro. Abu ɗaya na tambaye ki, shi kaɗai ne babu a ciki.

Na san halinki. Ke ce kika raine ni, ba kya kwana-kwana. Da maganar Shugaba ƙarya ce da kin rubuta "ƙarya ce" da manyan baƙi, kin ja layi biyu a ƙasa. Ba ki rubuta ba. Ashe ke ma bakinku ɗaya da su. Wallahi raina ya ɓaci, ban zaci har ke za ki yi mini rufa-rufa a kan 'yata ba.

Yau da safe sun cire mata robar hanci, wai za su ga yadda za ta yi. Ta sha shayi rabin kofi. To in da sauƙi me ya hana su mayar da mu inda muke? An kawo wata mai koren mayafi da ɗanta mai zazzaɓi, an ba su gadonmu. Sista kuma an ce za ta yi hutun kwana biyu daga gobe.

Ba zan ƙara tambayar kowa komai ba.

'Yarki

Alhamis

Gwaggona,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya. Ki yafe mini zafin jiya, zuciya ce.

Alhamdu lillahi, yau hankalina kwance. Takwararki ta ɗan yi wasa da ɗankwalina. Tun safe take nuna mini tsuntsaye a kan mangwaronki, tana cewa in kamo mata ɗaya. Ya fara fure. Barci dai take yawan yi, numfashin kuma da ɗan sauri, amma ai ciwo ba ya fita rana ɗaya.

Kada ki wahalar da kanki da amsa. Ki gaida mutan gida.

'Yarki

Alhamis, da azahar

Ke Gardama,

Babu doguwar gaisuwa. Mai wanki ta kawo mini takardarki a hutunta na rana, na hana ta cin abinci na ce ta juya da wannan yanzu.

Kifi na ganinki, mai jar koma. Daga gado na ɗaya ba a ganin mangwaro. Ko reshe ɗaya. Bango ne da kabad ɗin magani. Shekara talatin ina zama a teburin nan, sai na miƙe na taka har tsakiyar ɗaki nake hango shi. A ina kike? Wa ya mayar da ke taga, alhali Sista ba ta nan? Kuma ɗan wa kika kai bakin ƙofa?

Kin ce na ɓoye miki, kuma gaskiyarki. Tsoron tayar miki da hankali ya sa na yi ta zagaye, yanzu ga abin da ya jawo. To ji. E, yaron da jikinsa ya fi tsanani shi ake kaiwa gado na ɗaya. Takwarata tana jin jiki fiye da yadda aka gaya miki. Amma ba don fitar da gawa ba ne. Lokacin da aka sa bututun iskar numfashi a tsohon ɗakin nan, ta bangon ƙofa aka shigo da shi, kuma a gado na huɗu ya tsaya. Har gobe nan ya tsaya. Daga na biyar zuwa taga babu iska sai an turo tulu daga wani gini. Kuma mai zama a tebur tana ƙirga numfashin yaron gado na ɗaya ko rubutu take yi. Shugaba ta ga uku sun rasu a nan, ba ta yi ƙarya ba. Ba ta ƙirga waɗanda suka rayu don suna nan ba, ni kuwa na ƙirga, sun fi gashin kaina.

An cire robar don gwaji ne, ana gwadawa ne kusa da bututu. Yawan barci da saurin numfashin da kike faɗa ba sauƙi ba ne, 'yar nan. Ki duba leɓenta. Ki ɗauke ta ki koma yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Kunya ba ta kisa.

Gwaggonki

Asabar

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ban san da wace fuska zan rubuto ba.

Ga abin da na yi. Ranar Alhamis da safe na ce wa nas ɗin da ta karɓi aiki, wadda aka aro daga wani ɗaki, wai Sista ta bar sallahu a mayar da mu taga. Ta ga babu roba a hancin yarinyar, ta yarda. Mai koren mayafi kuwa na ce mata bakin ƙofa ya fi iska. Ta yi ta yi mini godiya. Na san abin da ake faɗa a kan gadon, na kuma tura ɗanta can ina murmushi.

Takardarki a wurin shanya ta same ni, na bar takwararki tana barci. Ban kai ƙarshe ba na yar da bokiti na ruga. Na tarar gadon taga babu kowa. Gwaggo, na shiga waige-waige ina kiran sunanta.

Ashe mai koren mayafi ce ta koma ɗaukar kofin da ta manta a taga, ta ga leɓen yarinyar ya yi baƙi, ƙirjinta yana lotsawa. Ba ta tsaya nemana ba. Ta sungume ta tana kiran nas, ta sauke ɗanta a ƙasa kan tabarma, ta kwantar da tawa a gado na ɗaya. Ina isowa ana sa mata roba. Likita ya ce da an ƙara 'yan mintoci da labarin ya sha bamban.

Sista ta dawo yau da safe. Na zaci za ta wanke ni tas. Ta dai daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ja kujera ta zauna ta yi mini bayanin bututun, wanda da ta yi tun farko da ba a kai nan ba. Ita ma ta faɗi haka da bakinta.

Na je na gaya wa mai koren mayafi gaskiya duka. Ta ce, "Ai Shugaba ta gaya mini tun kafin in gama shimfiɗa zanen gado. Na ce Allah yana bakin ƙofa, yana taga." Daga nan ba ta ƙara ce mini komai ba, gaisuwa kawai. Ba na ganin laifinta.

Ki yafe mini.
'Yarki

Alhamis

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau Sista da kanta ta cire katinmu ta kai gado na bakwai. Ban tambaye ta ba, ita ta ce, "Ba ta bukatar idona yanzu." Daga nan ana ganin reshe biyu na mangwaronki.

An sallami mai koren mayafi da safe. Ta tsaya ta shafa kan takwararki, ni kuma ba ta kalle ni ba. Har ta fita ban san sunanta ba.

An kawo wani jariri gado na ɗaya. Uwar tana ta waige-waige, Shugaba kuma ta fara gyara ɗaurin zane. Bari in ajiye biro in riga ta zuwa.

'Yarki