Dakan Masara a Gonar Mutanen Da

Lanham, Maryland
3 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga Dorkas, sanyin safiyar Vom, ruwan farko bayan zafin bazara, farar acca da aka rege babu tsakuwa ko ɗaya,

Kin ga yadda na fara? An ce haka samari suke yi. Ni da furfura ta cinye rabin kaina, sai da na yaga takarda uku kafin na iso kan acca. Don Allah kada ki yi dariya da ƙarfi a gaban majinyatanki.

Ranar Asabar na kai ki gonar nan ta Virginia, inda ake sa mutane tufafin fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, su yi noma da girki kamar zamanin da Ingila take mulkin ƙasar nan. Na kai ki ne don in faɗa miki magana guda ɗaya. To, me na yi? Na tsaya a rumfar taba minti arba'in ina miki bayanin yadda ake rataye ganye ya bushe. Daga nan na koma kan kyandir na kitsen saniya, da yadda ake zuba wa nama gishiri a ajiye saboda hunturu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan tarihi, ashe wurin ɓuya na gina wa kaina a cikinsa. Ke kuwa kina gyaɗa kai, irin gyaɗawar da kike wa majinyaci mai yawan surutu.

Sai muka iso wurin turmi. Wata Baturiya mai farar hula tana fama da taɓarya, masara tana tsalle waje, kaji suna godiya. Kin daure kamar minti ɗaya. Sannan kika miƙo mini jakarki, kika ɗaure gyale a ƙugu, kika yayyafa wa masarar ruwa, kika karɓi taɓaryar. Dorkas, wane ganye ne cikin jajayen ganyayen nan da suke zuba daga bishiyoyi ya taɓa saukowa da kyau irin na hannunki? Kika cilla taɓarya sama, kika tafa, kika cafe ta, zuciyata ta bi ta, har yau ba ta gama saukowa ba. 'Yan kallo suka ɗauka ke ma ma'aikaciyar wurin ce. Wani dattijo ya tambaye ki a wace jami'a kika koya, kika ce masa a ta mahaifiyarki, kuma can ba a yankar tikiti, aikin kowace safiya ne.

A mota kika ce ba mai farar hula ce take wannan daka a zamanin ba, mata ne irin iyayenmu, waɗanda aka kawo a ɗaure cikin jirgin ruwa. Na san haka, na ma ba ɗalibai jarrabawa a kai. Amma ban taɓa jin ƙarar turminsu ba sai ranar. Ina cikin wannan tunani kika gaya mini kin yanki tikitin komawa Jos ranar biyu ga Disamba, tunda babu wanda ya ce ki zauna. Kika kalle ni. Ni kuma, babban malami, na kalli titi.

Ga abin da na kasa faɗa a rumfar taba: ina son ki, kuma ina so ki aure ni.

Bari in ƙara tarihi ɗaya, na ƙarshe. Mutanen Virginia na wancan zamani sukan yi sanarwar aure a coci Lahadi uku a jere, kamar yadda fastonmu yake yi har yau. Na duba kalanda, Lahadi huɗu suka rage kafin jirginki. Ɗaya taki ce, ki yi tunani. Uku na fasto ne. Na rubuta wa yayana Jerome a Kagoro ya ɗauki dattawa su je su gai da Baba Dung, tunda shi ne uba a gare ki yanzu. Wasiƙar tana aljihuna da kan sarkinta, ba za ta ga gidan waya ba sai kin ce.

Ba ni da ƙuruciyar da zan ba ki, ta tafi tare da baƙin gashina. Ina da gida mai ɗaki biyu da littattafai suka cinye ɗaya, da kunnuwan da suka fara koyon saurare shekaranjiya. Idan zama nan ne ba kya so, kada ki mayar da tikitin. Ko a Jos akwai yaran da za su yi gyangyaɗi a ajina. Ki dai gaya mini lambar kujerarki, in nemi ta kusa da ita.

Naki ni kaɗai, a wannan ƙasa ko a waccan, har iyakar numfashina,

Katung