Kuɗin Sallamar Malamin Sikeli

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ya kai har tuwo ba ya yi mini daɗi, kuma babu wanda zan iya buɗe wa cikina a garin nan.

Ni malamin sikeli ne a Gaya. Shekara goma sha tara ina auna gyaɗa a rumfar wani Alhaji mai lasin saye, tun zamanin fam da sule. Idan kaka ta yi kuɗi na shigowa, ni kuwa ban taɓa kawo wa raina za su yanke ba. Na ɗinka riguna, na sayi keke da rediyo, duk bikin da ya tashi a dangi ni ake aiko wa. Ban sayi gona ba, ko tunkiya ban ɗaure ba. Da fari ya zo muka ce na shekara ɗaya ne. Bana kuma kuturta ta kama gyaɗa, daga Kademi har Toranke da wuya ka sami wanda ya cika buhu biyar. Wata biyu ke nan maigidana ya kira ni, ya yi mini godiya, ya ce ya bar harkar gyaɗa, ya danƙa mini naira ɗari shida na sallama. Ban ga laifinsa ba, wallahi ya kyauta. Shekarata arba'in da tara.

Abin kunya, Malam, har yau ban gaya wa matata Hanne ba. Kullum da safe sai in sa hula in hau keke kamar mai zuwa aiki, in je in zauna gindin ɗorawar da ke bayan rumfar har azahar. Ita kuwa ta dama mini fura, ta raka ni ƙofa da a dawo lafiya.

Kuɗin suna nan a akwatina, abu uku na jan su. Mahaifiyata, Dada, ta tsufa, idonta ya fara rauni. Shekara huɗu da suka wuce, ranar sunan ɗan ƙanwata, na buɗe baki gaban jama'a na ce ni zan kai ta Makka. Tun lokacin ta ɗinka farin mayafi ta ajiye. Ba ta taɓa tuna mini ba, wannan ma shi ya fi ci mini rai. Kuɗin kujera zai lashe kusan duk abin da ke hannuna. In ban kai ta yanzu ba, ban san tsawon kwananta ba, kuma na san ba zan sake riƙe kuɗi irin wannan ba.

Sai abokina Gwadabe, tare muka yi karatun allo. Zai sayi bas ta jigila tsakanin Ajingi da Kano, yana so in zuba nawa mu yi tarayya. Mutumin kirki ne. Ni dai abin da na sani na mota shi ne in shiga in biya.

Sannan ga gonar mahaifinmu a Toranke. Da ya rasu ba a raba ba, na ce wa ƙanena Badaru ya riƙe, ni ina da albashi. Da girman kai na faɗa, ban manta ba. Shi ya kai taki, shi ya yi shinge, da ita yake ci da Dada duk shekarun nan. Da wane ido zan je in ce a ba ni rabona? Ga 'yata Rekiya tana aji biyu a kwalejin horon malamai, kowane hutu sai an yi mata tanadi, ga ƙannenta huɗu a gida. Na rasa ta inda zan kama. Ka taimake ni.

Tsohon Malamin Sikeli, Gaya.

Amsa

Ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka. Kafin maganar kuɗi, ka fara da Hanne, yau ba gobe ba. Gaya ba ta yi girman da rumfa za ta yi wata biyu a rufe matar malamin rumfar ba ta ji ba. Ina kyautata zaton ta sani, rufa maka asiri take yi. Ka sauƙaƙa mata, domin da ita za ku tsuke bakin aljihu.

Batun bas, ban ce ba riba ba, mutane na samu. Amma wanda zai zuba kuɗi a mota sai wanda yake da abin da zai koma wa in inji ya buga. Kai ba ka da shi. Ka ba Gwadabe haƙuri, ka yi masa addu'a, ku ci gaba da zumuncinku.

Gona kana da haƙƙi a ciki, tafiyarka Gaya ba ta goge gadonka ba. Badaru shi ma yana da gumin shekara goma sha tara a kanta. Saboda haka kada ka je masa a matsayin mai neman rabo. Ka je ka faɗa masa halin da kake ciki, ka nemi afuwar waccan maganar, ka ce za ka kawo shanun huɗa biyu da garma ku noma tare, ku kuma yi wa maƙwabta huɗa a biya ku. Wani dattijo na dangi ya zauna a kan maganar, don 'ya'yanku kada su gaji rikici. Sannan ka sayi gero da dawa na shekara tun yanzu da sauran araha. Abin da ya rage ka kai asusun gidan waya, kada ka taɓa sai don Rekiya ko rashin lafiya. Nan da shekara uku Rekiya za ta fara ɗaukar albashi.

Maganar Dada ita ce mai nauyi, ba zan ɓoye maka ba: mai yiwuwa ne jinkirin nan ya hana ta zuwa Makka. Amma aikin Hajji a kan mai iko yake, ka tambayi limaminku ka ji. Ba na jin akwai uwar da za ta yi farin ciki a Arfa alhali jikokinta biyar ba su da hatsi. Ka je da kanka ka durƙusa ka gaya mata gaskiya. Ka sayi tumaki biyu da sunanta, duk abin da suka haifa na kujerarta ne, ka kuma nemi Badaru da ƙanwarku su sa hannu. Alkawarin bai mutu ba, ya zama na gida duka.

Mutumin da ya riƙe sikeli shekara goma sha tara har maigidansa ya sallame shi da godiya, amana gare shi, kuma za a neme shi. Kada kunya ta hana ka cewa kana neman aiki. Allah Ya ba Dada tsawon rai da lafiyar ido, Ya haɗa kanku da Badaru, Ya sa ruwan farko ya same ka a gona.