Kar ki hau motar nan

Maman Hasna,

Na wuce gonar tattasai, ban so in tashe ki ba. Motar nan ta sake halinta jiya. Ina dawowa daga bakin kogin Komadugu, dab da shingen sojoji, na ɗaga ƙafa daga totur amma ta ci gaba da gudu tana ruri. Birki ya kasa riƙe ta, sai da na kashe inji. Har wani soja ya saita ni da bindiga. Kuma Nasidi makanike ya rantse mini ya gyara ta!

Makulli yana hannuna. Ki yi haƙuri, ki kai yara makarantar lakwal a taksi. In Nasidi ya zo, ki ce ya nemo igiya ya ja ta. Ni na gama hawa.

Lurwanu