Dutse Falle-Falle Kamar Kilishi

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Yaya Inna da mutanen Zongo? A gaida Gwaggo Mairamu a Djougou.

Ga aikina a Faransa. Tun kafin a yi mutane, wani dutse ya faɗo daga sama, ƙasa ta binne raminsa. Ana haƙo duwatsun ramin, ni nake yanka su falle-falle har haske ya ratsa, malamai su duba. Ruwan injin ya ɗan farfasa mini yatsu, amma kada Inna ta ji.

Jiya malaminmu ya tambaye ni inda na koyi wannan hannu. Na ce a rumfar kilishinka a Parakou. Ka ga ko da na bar rumfar, ban yar da sana'arka ba, Baba. Ka huce, ka sa mini albarka.

Ɗanka,
Muntari