Lambar Babanku

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da mijinki da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai gwiwar nan.

Na ji saƙonki cewa in tattara kaya in dawo wurinku, tunda gidan ya yi mini girma. Gaskiya kika faɗa, amma ba yanzu ba. Kin san kwamfutar nan ta ɗakin karatun babanku, Allah ya ji ƙansa. Kafin a kai shi asibiti ya riƙe hannuna, na zaci maganar gida zai yi, sai ya ce kada in kashe ta sai ta gama. Gama me? Wai wata lamba take dubawa. A ninka biyu da biyu, a sake ninkawa, har sau miliyoyi, sannan a cire ɗaya. Na tambaye shi laifin ɗayan da za a cire shi, ya yi dariya har da tari.

Wai so yake ya san ko akwai abin da ke raba lambar daidai ba saura, ban da ɗaya da ita kanta. In babu, to an samo abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Ya ce in za a rubuta ta, littattafan kantarsa duka ba za su ɗauke ta ba. Ni fa ban gane ba, Auta. Mutum ya gama koyar da lissafi, ya yi ritaya, sai ya koma kiwon lamba.

Ki gaida kowa.
Mamanki.

Auta 'yata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Na kusa yin ɓarna. Na ga ƙura na hawa kwamfutar, sai na lulluɓe ta da bargo kamar yadda nake yi wa keken ɗinkina. Da na dawo daga kasuwa, ɗakin tsit, fankar cikinta ta daina ƙara. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Na kira mai shagon magani ta ƙasan bene, tsohuwar ɗalibar babanku ce. Ta ce zafi ne ya kashe ta, ta kunna, abin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta hana ni bargo har abada.

Na tambaye ta amfanin lambar, ko magani ake yi da ita. Ta ce a'a, sani ne kawai. To, na ƙara rikicewa.

Taki,
Mama.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Amsa ta fito. Mai magani ta hau ta karanta mini: lambar tana rabuwa, ba irin wadda babanku yake nema ba ce. Na ce to da me take rabuwa? Ta ce kwamfutar ba ta sani ba, ta dai tabbatar akwai. Ji wannan magana! Kamar a ce an ga ɓarawo amma ba a ga kowa ba. Ban san ko ta'aziyya zan karɓa ko barka ba. Na ji haushi saboda shi, na kuma ji tsoro, don na san yanzu ba ni da hujjar zama.

Na fito da akwatuna, na koma ɗakin don in zare wayar. Sai na ji fankar tana ta ƙara kamar kullum, kamar yana nan kan kujerarsa yana gyangyaɗi. Na duba, ashe ta ɗauko wata lambar da kanta, wadda ta fi ta farko girma, ta fara daga farko. Halinsa sak, bai taɓa tashi daga tebur an kira shi sau ɗaya ba.

Ki ba mijinki haƙuri, kada ya turo motar ɗaukar kayan. Babanku ya ce kada in kashe ta sai ta gama, ni kuwa ban ga ta gama ba.

Allah ya yi muku albarka.
Mamanki.