Gilashin Tagar Ɗakin Yara

Daren Talata, Arkilla

Na kasa barci. Ɗazu mai gilashi ya kawo mana samfuri biyu na tagogin sabon gida. Ɗaya da roba a tsakiyarsa, ko an doke shi tsagewa kawai yake. Ɗayan mai tauri ne, amma in ya fashe zubewa yake kamar tsakuwa.

Maigida ya ce, "Wanga mai roba za mu sa, ɓarawo bai shiga."

Sai marigayiya Yaya Hauwa ta faɗo mini a rai, ranar da ɗakinta ya kama wuta, tana dukan taga daga ciki ta ƙi fashewa, mu muna waje. Har yau ina jin dukan nan.

Na ce, "Ɗakin yara dai, a sa mai fashewa."

Ya jima yana kallona, sannan ya ce wa mai gilashi, "Duk ɗakunan kwana."