Wa Zai Ɗauko Aku Daga Makaranta?

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya kawo Baba yau. Wai zai zauna a wurina har likitan ido ya sallame shi, tunda asibitin da nake aikin jinya ne za su yi masa aikin. Na share masa ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin. Ina cikin kwashe kofunan tangaran daga falo ina kai su saman kabad, sai na lura da abin da hannuna yake yi. Ban mayar da su ba.

Ya tsufa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rabona da shi tun jana'izar Mama, ran nan ma a buge ya zo. Yaya ya ja ni gefe, wai, "Ƙanwata, ba Baban da kika sani ba ne. Ya karɓi Yesu da gaske, ya bar giya." Na ce to. A raina na ce tuban muzuru. Yaya yana makarantar kwana lokacin da ni da Mama muke tura tebur bayan ƙofa, shi ya sa yafiya take masa arha.

Laraba, 5 ga Maris

Magana yake shi kaɗai. Ina haɗa wa 'yata Aku abincin makaranta (ba banza muka liƙa wa yarinyar nan wannan suna ba, shekara shida amma bakinta ya fi rediyo), sai na ji muryarsa ta bango: "Uba, famfon kicin ɗin nan yana ɗiga. In taɓa ne, ko in bari kada ta ce na yi shisshigi?" Can kuma ya yi 'yar dariya. Na leƙa, babu waya a hannunsa.

Ni ma ai Kirista ce. Ba na fashin coci, ina cikin mawaƙa. Amma addu'a tana da lokacinta da ladabinta, a rufe ido a ce amin. Wannan hira da Allah kamar abokin zaman benci, ban san inda ya samo ta ba. Ya san ina kicin, ya san bangon ba kauri. Don kunnena ake yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya nemi izinina kafin ya taɓa famfon. Baba, yana neman izini! Ya gyara, ɗiga ta tsaya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Lahadi, 9 ga Maris

An yi aikin idon jiya, lafiya lau. Duk da bandeji ya dage sai ya bi mu coci. Na zauna ina jiran lokacin ba da shaida, na san zai miƙe ya ba su labarin yadda aka tsamo shi daga kwata, mata su share hawaye, a juyo ana kallona. Fasto ma ya kira shi. Ya ɗaga hannu daga bencin baya ya ce a yi masa haƙuri, ba yau ba.

Na rasa inda zan ajiye wannan. Wataƙila ya fi ni wayo ne kawai.

Kuma kullum da alawar minti a bakinsa. Na girma a gidansa, na san aikin da minti yake yi wa warin giya.

Talata, 11 ga Maris

Shugabarmu ta sauya mini lokacin aiki. Daga ranar 24 ga wata zan riƙa shiga da rana in tashi da yamma lis. Na roƙe ta, ta ce kowa da nasa uzurin. Ana tashin su Aku ƙarfe biyu. Babanta yana can wajen aikin gini, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Maƙwabciyata da take taimaka mini ta tafi jinyar uwarta, ba ranar dawowa. To wa zai ɗauko ta, wa zai zauna da ita har in dawo?

Ina faɗa wa baban Aku a waya, ashe Baba yana ji. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. "'Yata, idon ya fara washewa. In kin yarda, ni sai in riƙa..."

Na ce a'a tun bai rufe baki ba. A ba kura ajiyar nama?

Ya ce, "To." Ya koma ɗaki. Ba tsaki, ba buga ƙofa. Wannan "to" ɗin ya fi ihunsa na da tayar mini da hankali, don ihu dai na san abin da ke biyo bayansa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya fita wankin ido, na shiga ɗakinsa. Na ɗaga katifa, na zazzage jaka, na laluba cikin takalma. Can ƙarƙashin gado na ci karo da kwalba a naɗe cikin safa. Gabana ya faɗi, amma har da wani irin daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce yawwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Na buɗe na shaƙa da ƙarfi.

Man zafi ne na gwiwa. Har yanzu hancina yaji yake.

Ashe Aku tana bakin ƙofa. Yana dawowa ta tare shi: "Kaka, Mama ta shinshina maganinka ta yi ta atishawa!" Na so ƙasa ta tsage. Shi ko ya dube ni da idon nan guda, ya ce, "Ki riƙa dubawa, 'yata. Da ni ne ke, da na duba." Tun ɗazu ƙofarsa a buɗe take, ya tokare ta da takalmi.

Wanda ya ce a bincike shi, ko dai ba shi da komai, ko ya san inda ya ɓoye.

Asabar, 15 ga Maris

Ina yi wa Aku kitso ina bugun cikinta. Me Kaka yake ce miki in ina wanka? Wai Allah ya san sunan 'yar tsanarta. Wai ba dole sai an rufe ido ba, yana ji ko ana wanke-wanke. Wai in Kaka ya ji tsoro sai ya gaya masa.

Na ce tsoron me babban mutum zai ji?

"Ya ce tsoron kansa."

Na ja gashin da ƙarfi ban sani ba, har ta yi ƙara.

Lahadi, 16 ga Maris

Wa'azi a kan gafara. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ba wadda ake yi wa fasto ba ce: in Allah ya yafe masa, wa ya tambaye ni? Wa ya tambayi Mama? Sun shirya tsakaninsu, ga su nan kullum suna hira har da dariya a ɗakin da ke jikin kicina, ni kuma da aka daka ina waje. Ban iya yin waƙa ba yau, baki kawai na riƙa motsawa.

Alhamis, 20 ga Maris

Bari in rubuta.

Jiya aka ba shi sabon tabarau. Murna kamar yaro, yana ta karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Yau da yamma ya ajiye shi a kujera ya shiga wanke fuska. Aku ta zo da gudu ta faɗa kai. Na ji ƙas daga kicin.

Na fito na same shi tsaye a kanta. Jijiyar nan ta wuyansa ta tashi, hannun dama ya ɗaga har kafaɗa. Hannun da na sani. Ni da nake cewa zan yi kaza da kaza in ya kuskura, ƙafata ta ƙi motsi, na koma 'yar shekara tara.

Sai ya kama hannun da ɗaya hannun, kamar na wani ne, ya cusa shi a aljihu. Ya ce wa Aku, "Ba komai, jikalle." Muryar ba tasa ba. Ya sa takalmi ya fita.

Na san fitar nan. A gidanmu in ya yi shiru ya fita, Mama takan fara tura tebur. Na kulle Aku a ɗaki da littafin zanenta na bi shi. A ƙarshen layinmu akwai mashaya, daura da inda ake jiran mota. Can ya nufa kai tsaye. Na ce shi ke nan, yau magana ta ƙare, gobe Yaya ya zo ya kwashi kayansa.

Bai tsallaka titin ba. Ya zauna a bencin masu jiran mota, yana fuskantar ƙofar mashayar. Na lallaɓa na tsaya bayan allon talla. Bai san ina wurin ba, ba tabarau, ga ƙarar motoci. Yana cewa, "Ka gan ni. Ina so in shiga, ba zan yi maka ƙarya ba, maƙogwarona har ƙaiƙayi yake. Ka ga hannun nan ɗazu? Saura kaɗan. Kai ka riƙe shi, ba ni ba. To ka riƙe ƙafar ma."

Babu wanda ake yi wa wannan don ya ji. Sai wani mai tallar jarida, shi ma ko a jikinsa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Ashe har yanzu kana so."

Ya firgita, sannan ya sunkuyar da kai. "Kullum. Ba a cire mini ba, 'yata. Na roƙa har na gaji. Ƙarfin yini guda Allah yake ba ni, gobe in sake zuwa in karɓa. Mintin ma don bakin ya sami abin yi ne."

Na ce, "Ya yafe maka, ko? Ni fa? Mama fa?" Da ƙarfi na faɗa, mutane suka waiwayo.

Ya ce, "Na kai masa maganarki. Abin da na fahimta, yafiyar nan taki ce, ba zai karɓe ya ba ni ba. Kuma ya hana ni matsa miki. Ta mamanki kuwa... na makara." A nan muryar ta karye.

Mun dawo gida, yana gaba ina baya. Aku ta yi barci da hawaye a fuska. Shi ya naɗe ƙafar tabarau ɗin da salatif.

Asabar, 22 ga Maris

Likita ya sallame shi. Yaya ya bugo, wai yaushe zai zo ɗaukarsa. Na ce zan kira shi.

Kwana biyu ina juya abin. Da kunnena na ji ya ce yana so ya sha, da idona na ga hannun ya tashi. Uwa mai hankali ba ta bukatar wata hujja. Amma a wurin aiki na sha gani, masu rantsuwa cewa sun daina sha har abada su ne ake dawo mana da su a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ban taɓa jin wanda ya ce yini ɗaya-ɗaya ake ba shi ba.

Baban Aku ya ce, "Ke kika san mahaifinki." To ai matsalar ke nan, ban san ko na san shi ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na kai Baba wurin malamar su Aku da safe na nuna mata shi, na ce shi zai riƙa ɗaukar yarinyar. Na gwaji ne kawai, na gaya masa, na gaya wa kaina.

Na yi wa shugabarmu ƙaryar ciwon kai na fito kafin ƙarfe biyu. Na ɓuya a shagon mai gyaran waya da ke kallon makarantar, har yana tambayata ko wayar ce ta lalace. Baba ya riga kowa zuwa. Ya karɓi jakar Aku ya rataya, wata 'yar jaka mai hoton zomo a kafaɗar tsoho. Hanyar gida ta gaban mashayar take bi. Da suka kusa, na ga ya sake riƙe hannunta da kyau, bakinsa yana motsi. Ita ma nata yana motsi, amma ita na san surutu ne. Suka wuce.

Yini ɗaya ba ya nuna komai.

Laraba, 26 ga Maris

Na bugo gida sau da yawa jiya, har Aku ta ce, "Mama, kina hana mu aikin gida."

Juma'a, 28 ga Maris

Aiki ya yi yawa, ban sami damar bugawa gida ba. Ko dai na samu, ban buga ba, oho. Na dawo na tarar da shinkafa ta ɗan kama, su biyu suna musun wanda ya manta da ita. Ƙofarsa har yanzu a tokare take da takalmi. Ban shiga ba, amma ban ce ba zan sake shiga ba. Yaya ya sake kira, na ce masa idon bai gama warkewa ba.

Wani abu kuma, ba wani abin a zo a gani ba. Wajen ƙarfe biyu ina ɗakin magunguna ina jera sirinji, na dubi agogo. Ba kowa a ɗakin. Ban rufe ido ba, ban durƙusa ba, ko safar hannu ban cire ba. Na ce, "Har yanzu ina fushi da kai, ka sani. Amma yanzu za su bi ta gaban wurin nan. Ka riƙe mini su."

Su na ce. Na yi niyyar cewa ita.